Tana ci, tana barci, tana gurnani: hakan ya isa a ce kyanwa lafiyarta ƙalau?

Ummu_Toka:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu kiwon maguna ku taimaka min. Wata huɗu ke nan da na gaji wata kyanwa a wajen maƙwabciyata da ta tashi, ta ce shekarunta za su kai biyu. Ni ban taɓa riƙe dabba ba, ko kaza. Toka muke ce mata saboda launinta. Tana ci, tana sha, in na zauna sai ta haye cinyata tana wannan gurnanin nata mai laushi, kurrr kurrr kamar ƙaramin inji. Amma barcinta ya fara ba ni tsoro, kusan wuni take a kwance. Maigidan ya ce in daina ɗora wa kaina, dabbar da take ci tana gurnani ba abin da ke damunta. Ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya, tunda ba baki gare ta ba balle ta ce min ga inda ke mata ciwo. Ta yaya mutum zai gane kyanwarsa lafiya take, kuma daɗin zama take ji da shi, ba haƙuri kawai take yi ba?

Ɗan_Kallo:
Wa alaikumus salam. Anti ai maigidanki ya gama magana. Mage in tana gurnani to ranta fes. A wuce wurin.

Hajiyar_Maguna:
A'a ɗana, ba za a wuce ba tukuna. Na fi shekara ashirin da maguna a gidana, kuma ba abin da ya taɓa yaudarata irin gurnanin nan. Gaskiya ne yawanci na jin daɗi ne. Amma na ga kyanwa tana naƙuda tana yin sa, na ga wadda ƙofa ta datse wa ƙafa tana yin sa. Tsohuwar da na fi so, daren da za ta mutu a jikina ta kwana tana kurrr har asuba. Kamar yadda yaro yake tsotsar yatsa ne, wani lokacin don daɗi, wani lokacin don ya lallashi kansa. Sai kin haɗa shi da yanayin jikin: in ta saki jiki, ido a lumshe, tana murza miki cinya da ƙafafun gaba kamar mai kwaɓa gari, wannan na jin daɗi ne. In kuwa ta duƙunƙune wuri guda, kai a sunkuye, ba ta son a taɓa ta amma gurnanin na fita, kada sautin ya ruɗe ki.

Ni abin da na fara dubawa gashi ne. Kyanwa mai lafiya 'yar gayu ce, kullum cikin lasar jiki take, gashinta a kwance yana sheƙi. Ranar da kika ga gashin ya hargitse, ya yi cibiri-cibiri, musamman wajen gadon baya kusa da jela, to ta daina wanka ke nan. Kyanwa kuwa ba ta daina wanka haka kawai.

Ɗan_Kallo:
Tuba nake Hajiya. Ashe ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Malam_Shiru:
Maganar barci ba abin tashin hankali ba ce. Babbar kyanwa tana yin awa 12 zuwa 16 a rana, jarirai da tsofaffi ma sun fi haka. Halittarsu ce, sun fi kuzari da asuba da kuma wajen magariba, lokacin farauta. Abin lura shi ne irin kwanciyar. Nawa muzurun in ya samu inda rana ta faɗo sai ya baje ta gefe, ƙafafu a miƙe, wani sa'in ma rigingine, baki a ɗan buɗe, gashin bakinsa na motsi yana mafarki. Dabbar da ke tsoron wani abu ba za ta yi wannan kwanciyar ba. Sannan ki kalli tashinta. Mai lafiya in ta farka sai ta yi hamma, ta miƙe ƙafafun gaba ta ɗaga ƙugu, ta yi miƙa son ranta, ta nufi kwano ko ta neme ki. Wadda za ki damu da ita ita ce wadda ta sauya wurin kwana ta koma ƙarƙashin gado ko bayan kabad, ki kira ta ɗago ta kalle ki ta mayar da kai.

Ummu_Toka:
Malam wallahi kamar kana gidan. Rigingine take kwana. Kuma da asuba sai ta yi ta tsere daga falo zuwa ɗaki kamar an biyo ta, har na taɓa zaton wani abu take gani.

Malam_Shiru:
Ba abin da take gani sai lafiya. Kuzarin da ta tara ne take saukewa.

Likitan_Gobe:
Ni ɗalibi ne a fannin likitancin dabbobi, ba cikakken likita ba, amma bari in ƙara kaɗan a kan abin da iyayenmu suka faɗa. Kyanwa gwana ce wajen ɓoye ciwo. Mafarauciya ce, amma ƙarama, a daji ita ma akwai masu farautarta, duk wadda ta nuna rauni ta zama nama. Shi ya sa sau da yawa kafin mai ita ya farga cutar ta yi nisa.

Akwai abu ɗaya da kowa zai iya yi a gida ba tare da kayan aiki ba: ƙirga numfashi. Ki bari sai ta yi barci sosai, ba lokacin da take gurnani ba, ki kalli haƙarƙarinta. Ɗagawa da sauka ɗaya ke nan. Ki ƙirga na daƙiƙa 30 ki ninka biyu. Mai lafiya ba ta wuce 30 a minti ɗaya in tana barci. In kika ga kullum yana haura haka, a duba zuciya da huhu. Sannan kyanwa ba kare ba ce, ba ta haki da baki a buɗe. In ba wani gudu ta sha yanzu-yanzu ko zafi ya yi mata yawa ba, kika ga tana numfashi ta baki, ki ɗauke ta zuwa asibiti a lokacin, ba gobe ba.

Ki kuma ɗaga leɓenta ki ga dasashi. Ya kamata ya zama ruwan hoda, da danshi. Ki danna da yatsa, zai yi fari, ki saki, kafin daƙiƙa biyu launin ya dawo. Dasashi fari fat, ko rawaya, ko mai shuɗi-shuɗi, duk ba alheri ba ne. Zafin jikinsu kuma ya fi namu, tsakanin digiri 38 da 39 ne da ɗan ɗoriya, don haka in kika ji ta da ɗumi ba lallai zazzaɓi ba ne.

Baban_Yara:
Ikon Allah. Yanzu mutum ya bar neman abin da yara za su ci ya zauna da agogo yana ƙirga numfashin mage? Mu da muka taso maguna cike da gida, ba wanda ya taɓa ɗaga musu leɓe, kuma ga su nan suna haihuwa biyar-biyar. Dabbar nan rai bakwai gare ta, ku bar wahalar da kanku.

Mai_Muzuru:
Baba ni ma haka nake cewa da, sai da abin ya zo kaina. Bara muzuruna Sarki ya fara zarya zuwa bahon yashinsa. Ya shiga, ya tsuguna, ya daɗe, ya fito, bayan minti biyar ya koma. In na duba sai in ga ɗigo biyu ko ba komai. Yana ta lasar gabansa, yana wani kuka ƙasa-ƙasa. Na ɗauka bushewar ciki ce, na ce gobe zai ware. Washegari ya ƙi abinci, ya yi amai, na taɓa mararsa na ji wani abu dunƙule da tauri kamar ƙwallo, ya ƙwalla ƙara. Da na kai shi likitan ya ce mafitsara ce ta toshe, da na ƙara kwana ɗaya da sai dai wani ba shi ba. Sai da aka sa masa barci aka zura siririn tiyo aka janye fitsarin, jajir da jini. Kwana uku ya yi a can. Kuma abin haushin, a daren farko yana kwance kusa da ni yana gurnani, ni kuma ina cewa ai ga shi nan lafiya lau.

Likitan_Gobe:
Allah ya sa da sauran kwana. Wannan matsalar ta fi kama maza saboda hanyar fitsarinsu ta fi tsawo kuma ta fi ƙunci. Muzurun da ya kasa fitsari gaba ɗaya, cikin kwana ɗaya zuwa biyu gubar da ƙoda ta kasa fitarwa za ta iya tsayar masa da zuciya. Duk mai namiji ya riƙe wannan.

Baban_Yara:
To wannan kam na yarda, ai ko ni in na ga yana zarya zan gane. Amma ƙirga numfashi dai ban sauka ba.

Zee_Baby:
Ni in na ga tawa ba ta da kuzari sai in ɓallo rabin farasitamol in jiƙa in ɗura mata. Sau ɗaya dai na taɓa yi, ta yi ta dalalar da yawu ta tofar.

Likitan_Gobe:
Innalillahi. Ƙanwata don Allah kada ki sake, kuma ki gode wa Allah da ta tofar. Farasitamol guba ne ga kyanwa, hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu. Ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe ta: jinin ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura. Duk maganin ciwon jiki na mutane a nisanta shi da ita. Haka maganin ƙuma da aka yi don karnuka, da yawansu akwai sinadarin da ke sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya. Albasa da tafarnuwa ma suna lalata mata jini.

Zee_Baby:
Na shiga uku. Wallahi taimako na yi niyya. Na gode Yaya.

Hajiyar_Maguna:
Ba ke kaɗai ba ce 'yata, da yawa sun yi, sai dai ba su faɗa. Mu koma kan tambayar Ummu, don na ga mun tafi wajen ciwo mun bar jin daɗi. Ummu, in kin shigo gida yaya take tarar ki? Jela ita ce bakin kyanwa. In ta nufo ki jela a tsaye cak, kan ya ɗan lanƙwasa kamar ƙugiya, sallama ce take miki, irin wadda ɗan kyanwa yake wa uwarsa. Sai ta goga miki kumatu a ƙafa. Akwai ƙamshin da ke fita a kumatunta wanda mu ba ma ji, shafa miki take, ta sa ki cikin nata. Amma kada ki yi mata fassarar kare. Kare in yana kaɗa jela yawanci murna yake. Kyanwa in ta fara bugun ƙasa da jela fat fat fat, cewa take ya ishe ni.

Ummu_Toka:
Hajiya jelar a tsaye take zuwa kullum, alhamdulillah. Amma akwai abin da ke ɗaure min kai. Sai ta zo gabana ta faɗi ta yi birgima ta buɗe min ciki. Ina kai hannu in shafa sai ta cafke ni da ƙafa huɗu ta gatsa min cizo. Jiya har da yakushi. Wannan so ne ko mugunta?

Ɗan_Kallo:
Hahaha, ashe taki ba kyanwar Lami ba ce, tana cizo tana yakushi.

Malam_Shiru:
Yarda ce ta nuna miki, ba gayyata ba. Ciki shi ne inda ta fi tsoron a taɓa, ta buɗe shi a gabanki don ta san ba za ki cuce ta ba. Ke kuma sai kika kai hannu daidai wurin. Kamar baƙo ne ka ce masa gida naka ne, ya wuce kai tsaye ya buɗe akwatinka. In ta yi birgimar ki sosa mata ƙarƙashin haɓa ko gindin kunne. In kuma wasa take nema, ki samo tsumma a ɗaure da zare ki ja mata, kada ki saba mata da cewa hannunki abin farauta ne. Wasan ma kansa ma'auni ne. Kyanwar da ke laɓewa tana karkaɗa ƙugu ta daka tsalle kan tsumma, da wuya a ce wani abu na cin ta.

Anti_Mai_Uku:
Ba duka ba fa Malam. Cikin ukun da nake da su akwai ɗaya da in ban shafa mata ciki ba ma fushi take. Ɗaya kuma ko kallonta ka cika yi sai ta tashi ta bar maka wurin, kuma lafiyarta ƙalau, shekararta takwas a haka. Shi ya sa duk waɗannan alamomin da ake lissafawa nake ɗaukar rabi in bar rabi. Wata mai surutu ce, wata ba ka jin bakinta sai yunwa. In mai surutun ta yi shiru, ko shiru-shirun ta fara kuka da dare, nan ne nake tashi tsaye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Malam_Shiru:
Ban musa ba Anti. Sai dai Ummu wata huɗu kawai ta yi da tata, ba ta gama sanin halinta ba, dole ta fara da abin da aka san yawancinsu da shi.

Bature_Baƙi:
Ba wanda ya yi maganar lumshe ido. Kyanwa in ta kalle ka daga nesa ta lumshe ido a hankali ta buɗe, alamar natsuwa ce da kai. Har bincike aka yi a Jami'ar Sussex da ke Ingila, aka wallafa a 2020. Sun gano in mutum ya lumshe mata ido a hankali ta fi mayar masa da irinsa, kuma ko baƙo ne ya yi mata hakan ta fi yarda ta matso wajen hannunsa fiye da in ya tsaya fuska ba yabo ba fallasa. A jami'ar dai, tun 2009, an nuna cewa gurnanin ma kala-kala ne. Wanda take yi in tana roƙon abinci akwai wani siririn kuka a ɓoye cikinsa mai kama da na jariri, shi ya sa ba ka iya share shi.

Baban_Yara:
Wato har jami'a aka zauna ana kashe wa mage ido. Duniya ina za ki da mu.

Zee_Baby:
Baba ka yi dariya amma yanzun nan na gwada. Sau biyu ta share ni, na uku ta lumshe ta juyar da kai. Wallahi har raina na ji.

Likitan_Gobe:
Tunda an zo kan fuska, labarin zuciya a tambayi fuska, har ga kyanwa. A 2019 masana a Jami'ar Montreal ta Kanada sun fitar da ma'aunin gane ciwo daga fuskarta, kuma likitoci na amfani da shi. Abu biyar ake kallo: kunne, ido, baki, gashin baki, da yadda ta riƙe kai. Mai jin daɗi kunnuwanta na fuskantar gaba, ido a buɗe, kumatu a sake, gashin baki ya ɗan lanƙwaso ƙasa, kai sama da kafaɗa. Mai ciwo kunnuwan sun baje gefe, ido a tsuke, baki a ɗaure, gashin bakin ya miƙe, kai ya yi ƙasa. Zee, lumshewar da kika gani daban take da tsuke ido na ciwo. Ta farko tana zuwa ta wuce, ta biyun zama take a fuskar.

Ummu ki kuma duba kusurwar idon ta wajen hanci. Akwai wata farar fata a nan da ba a cika ganinta ba. In ta fito ta rufe wani ɓangare na idon alhali a farke take, jikin ba daidai yake ba. Ido mai kwantsa, hanci mai majina, atishawa a jere, kunne mai baƙin datti da take ta sosawa tana girgiza kai, duk a nuna wa likita.

Gimbiya_04:
Ni dai tawa kowa ya gan ta sai ya ce tubarkalla, ta yi ɓul-ɓul, da ƙyar nake ɗaga ta. Madara nake ba ta safe da yamma. Ai ƙiba ma alamar kwanciyar hankali ce ko?

Hajiyar_Maguna:
Ga mutum ma ba kullum ba, balle mage. Ki shafa gefen ƙirjinta. Ya kamata ki ji haƙarƙari a ƙarƙashin 'yar siririyar tsoka, kamar yadda kike jin ƙasusuwan bayan hannunki in kin shimfiɗa shi. In sai kin danna kin lalubo, ta yi yawa. In kin tsaya a kanta kin kalle ta daga sama ki ga ɗan ƙugu bayan haƙarƙarin. Amma fatar nan da ke reto a ƙasan ciki kusa da ƙafafun baya ba teɓa ba ce, ko siririyar kyanwa tana da ita. Madara kuma yawancinsu in sun girma cikinsu ba ya narkar da ita, gudawa take sa su. Ki duba bayan gidanta ki ba mu labari.

Gimbiya_04:
Hmm. Gaskiya ruwa-ruwa take yi, na ɗauka haka nasu yake.

Likitan_Gobe:
Ba haka yake ba. Na mai lafiya a dunƙule yake, ruwan ƙasa, yawanci sau ɗaya a rana, fitsari kuma sau biyu zuwa huɗu. Ki janye madarar ki bar mata ruwa mai tsabta. Amma ki yi hattara, kada ki ce za ki rage mata ƙiba da horon yunwa. Kyanwa mai ƙiba in ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, kitse yana taruwa a hantarta ya lalata ta. Shi ya sa muke cewa duk kyanwar da ta yi kwana guda cur ba ta taɓa abinci ba a bincika, ba irin kare ba ce da za a ce in ya ji yunwa zai ci.

Mai_Muzuru:
Wannan na ƙara jaddada abin da na koya: wanda yake kwashe yashi shi ya fi kowa sanin lafiyar mage. Tun abin da ya samu Sarki ba na bari yara su kwashe, ni nake yi, ina ƙirga dunƙulen fitsarin.

Dattijo_Mai_Carbi:
Ina bin ku tun ɗazu. Maigidan Ummu ya ce tunda tana ci lafiya ce. Ina da wadda ta shekara goma sha huɗu a hannuna. Da ta kai wajen sha biyu sai cinta ya ƙaru, kwano ba ya kwana da komai, ruwa kuwa kamar raƙumi. Ina ta murna tsohuwa ta samu lafiya. Ɗana da ya zo hutu bayan wata shida shi ya ce Baba magen nan ta rame. Ni da nake ganinta kullum ban lura ba. Aka auna jini aka ce wani ƙullutu ne a maƙogwaro yake aiki fiye da kima yana ƙone abin da ta ci, ga ƙoda ta fara gajiya. Da magani ta ƙara shekara biyu. Don haka ci da yawa ma abin tambaya ne, in jikin ba ya nunawa. Kyanwa asalinta dabbar busasshiyar ƙasa ce, ba mai yawan shan ruwa ba, in kuka ga ta maƙale wa kwanon ruwa ku sa ido.

Wani abin kuma, ta daina hawa taga inda ta saba zama. Na ce tsufa ne. Ashe gaɓoɓi ne ke ciwo. Ba ta ɗingishi ko kaɗan, sai dai ta tsaya a ƙasa ta daɗe tana kallon tagar, ta fasa.

Likitan_Gobe:
Allah ya ƙara girma Baba. Abin da ka faɗa na gaɓoɓi ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Wani bincike a Amurka a 2002 ya duba hotunan ƙashi na maguna 100 da suka haura shekara 12, aka samu 90 da alamun lalacewar gaɓoɓi. Ba su cika ɗingishi ba, tsalle kawai suke ragewa. Dabarar gane rama kuma, mutum ya hau sikeli da ita a hannu, ya sauke ta ya sake hawa, ya cire nauyinsa daga na farkon. Sau ɗaya a wata ya isa. Ga dabbar da duka-duka kilo huɗu ce, rasa rabin kilo ba ƙaramin abu ba ne.

Anti_Mai_Uku:
Har yanzu ina ganin ana haɗa abu biyu. Lafiya daban, jin daɗi daban. Lokacin da na kawo ta ukun, babbar ta fara lasar cikinta har gashin ya ƙare, fata tas. Ta koma yin fitsari a kan tabarmar ƙofa. Likita ya duba komai ya ce ba ƙuma, ba ciwon fata, ba ciwon mafitsara. Takura ce kawai. Baƙuwar ba ta taɓa dukanta ba, zama kawai take a hanyar bahon yashi tana kallonta. Da na ƙara baho a wani ɗaki, na raba musu kwano, na sa wa babbar wurin hawa sama inda ba mai damunta, cikin wata biyu gashin ya tsiro. Mutane suna cewa mage ta yi fitsari a gado don ramuwa. Ba ramuwa ba ce, ko ciwo ko damuwa.

Baban_Yara:
To ni nawa ma'aunin ɗaya ne: in ta kawo ɓera ta ajiye a ƙofar ɗaki, lafiyarta ƙalau kuma tana son mai gidan. Ko shi ma jami'a ta soke?

Malam_Shiru:
Ba a soke ba Baba, mai farauta dai tana da ƙarfi. Sai dai mai cin ɓera ita ta fi kwasar tsutsar ciki, a riƙa ba ta magani a kan kari, da allurar rigakafi, musamman ta haukan kare.

Ummu_Toka:
Na dawo da rahoto. Na jira ta yi barci na ƙirga sau uku: 22, 24, 22. Dasashi ruwan hoda, ko da yake sai da muka yi kokawa kafin ta bari. Haƙarƙari ina ji. Na lumshe mata ido ta kalle ni kamar na zauce, ta ci gaba da lasar ƙafa. Amma da nake duba ta na ga wasu 'yan farare kamar ƙwayar shinkafa a manne a gashin ƙarƙashin jelarta, ɗaya ma kamar yana motsi. Akwai irinsu busassu a inda take kwana. Mene ne wannan kuma?

Hajiyar_Maguna:
Tsila ce 'yata, wata irin tsutsar ciki, gutsattsarinta ne ke fitowa. Ba abin firgita ba ne, amma ga shi maigida ya ce ba abin da ke damunta.

Likitan_Gobe:
Hajiya ta faɗa daidai. Yawanci ta hanyar ƙuma take shiga, kyanwa na lasar jiki ta haɗiye ƙumar da ke ɗauke da ita. Don haka in an ba ta maganin tsilar ba a kashe ƙumar ba, za ta dawo. Ki taje ta a kan farar takarda, in baƙin gari ya zubo ki ɗiga masa ruwa. Ya koma ja, kashin ƙuma ne. Ba kowane maganin tsutsa ne ke kashe tsila ba, ki je a auna nauyinta a ba ki wanda ya dace, kuma ki wanke shimfiɗarta da ruwan zafi.

Ɗan_Kallo:
Ni da na ce a wuce wurin, ga shi har an kamo tsila.

Baban_Yara:
Ai ba ƙirga numfashin ne ya kamo ta ba, ɗaga jela ne. Ina nan kan bakana.

Gimbiya_04:
Don Allah kafin a watse, na janye madarar tun jiya, yanzu ta zauna gaban firij tana min wani kuka kamar an yi mata mutuwa, ta ƙi kallon ruwan. Hajiya kwana nawa wannan borin yake ɗauka?